Yadda nake haɗa sabulun wankin kai na dunƙule da SCI, babu Texapon a ciki

Na daɗe ina haɗa sabulun ruwa irin wanda kowa ya sani, Texapon da gishiri da kala da turare, a yi wanke-wanke da shi a yi wanki, wasu ma su ɗura a kwalba mai kyau su ce shamfu ne. Ni ma na yi hakan da farko, har sai da na lura da kan 'yata, duk ranar da aka wanke da shi gashin sai ya yi ƙamas kamar tsintsiya, wajen taza kuka ne, mataji ya cika da gashi, fatar kan kuma ta yi fari fat musamman da hunturu lokacin da iskar Garwa, nan arewacin Kamaru, ke busar da komai har leɓe. Abin da ya kai ni ga SCI ke nan, wani sinadarin kumfa mai laushi, kuma tunda na iya shi ban sake sa Texapon a kan mutum ba.

Dan Allah 'yar uwa kar ki ɗauka Texapon guba ne, maganar da ake yaɗawa wai yana kawo kansa ba ta da tushe. Shi dangin salfet ne, ƙarfi ne da shi, yana kwashe datti ya haɗa da maiƙon da fata ke buƙata, ga kwano da tukunya wannan alheri ne amma ga gashinmu mai murɗiya wanda dama bushewa ce matsalarsa ba alheri ba ne. Duk sinadarin kumfa aikinsa ɗaya, gefe guda yana kama maiƙo gefe guda yana bin ruwa, sai ruwan ɗauraya ya tafi da dattin, bambancin kawai wani da ƙarfi yake yi wani a hankali. SCI a hankali yake yi. Cikakken sunansa a jikin buhu Sodium Cocoyl Isethionate, daga man kwakwa ake samo shi, kuma ba sabon abu ba ne, sabulun Dove da ya fito a Amurka tun 1957 da danginsa ake yi. Wani abin da na fi so game da shi, ko ruwan rijiyarku mai zartsi ne yana kumfa, ba ya barin wannan farin kaskon da sabulun soda ke bari a gashi.

Kayan aiki

Sikeli shi ne na farko, ƙaramin nan mai batir da ke nuna har 0.1 na giram, irin na masu sayar da gwal. A nan babu awon ido babu awon murfin jarka, wannan ɗabi'ar sabulun ruwa ce ki bar ta a can. In sikelinki na kicin ne mai tafiya giram ɗai-ɗai to ki ninka haɗin sau biyar, ki yi na giram 500, ta haka ƙananan kayan ma za su aunu daidai.

Sai tukunya ɗaya ta ruwa, da kwano biyu na sitil ko gilashi mai jure zafi da za su zauna a bakin tukunyar, cokali mai ƙarfi, rariya mai laushi, safar hannu, takunkumin hanci wato kashne, takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsamin abu ko kanwarsa, mai nuna lamba daga 1 zuwa 14, alkol mai ƙarfin kashi 70 daga farmasi, da abin zubi. In ba ki da mazubin silikon, robar yawut ko gindin kofin roba da kika yanke ya isa, gwangwanin tumatir ne dai ban yarda da shi ba saboda tsatsa. Kayan nan ki ware su, kar su koma cikin na girki.

Kayan haɗi na giram 100

SCI gari, giram 50
Cocamidopropyl Betaine, muna ce masa betayin, giram 15
Asid siteyarik, giram 8
Man kaɗe, giram 6
Man riɗi ko man kwakwa, giram 4
Farin yumɓu na kawolin, giram 8
Garin ganyen magarya, giram 4
Gilisarin, giram 3
Turare, giram 1
Maganin hana lalacewa irin su Cosgard, giram 1

Ki lissafa za ki ga 100 cif. Wannan yana ba ni dunƙule biyu madaidaita.

Wajen sayen SCI ne ake yawan faɗawa rami. Mu nan arewa yawanci sai an yi oda daga Duwala ko Yawunde a sako a ajans, wato kamfanin motocin safa, ko a shigo da shi ta Najeriya, to sau da yawa ba ki ga kayan ba sai ya iso. Akwai wani mai suna SCS, Sodium Coco Sulfate, shi ma fari ne, shi ma daga kwakwa, shi ma yana zuwa kamar gutsuren taliya, amma salfet ne sak. Ni an taɓa aiko min shi a matsayin SCI, sai da na gama haɗi na wanke kai na ji gashina ya yi irin ƙamas ɗin nan na da, na koma na duba ledar na ga abin da aka rubuta. Tun daga ranar sai mai kaya ya turo min hoton rubutun jikin buhu ta WhatsApp kafin in tura kuɗi. Duk sunan da ya ƙare da sulfate a cikin masu kumfa, SLS ne ko SLES ko SCS, ba shi kike nema ba.

In babu betayin ki sa tafasasshen ruwa giram 10 ki ɗaga SCI zuwa 55, zai yi, sai dai kumfar ba ta kai laushin ta betayin ba kuma narkewar ta fi wuya. In babu siteyarik ki sa setil alkol, wani farin abu mai kama da kakin zuma, ba alkol ɗin goge kaya ba, amma ki sani shi wajen digiri 49 yake narkewa, siteyarik kuwa sai kusan 69, to a garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce 40 kinga wanda ya fi riƙe sabulu. In babu kawolin, sitacin masara ya wadatar.

Mataki na 1: shirya wuri

Ki goge kwanuka da cokali da mazubi da alkol ki bari su bushe. Ki kashe fanka, ki rufe taga, ki fitar da yara, ki sa kashne kafin ki buɗe ledar SCI, ba bayan kin buɗe ba. Garin nan ya fi fulawa tashi, ranar farko ni a ƙarƙashin fanka na buɗe shi, tari da atishawa da hawaye har sai da na fita tsakar gida na zauna, maƙogwarona ya wuni yana kartawa. Mai asma kam gara wata ta auna mata. Da zarar ya jiƙe shikenan babu sauran wannan matsalar.

Mataki na 2: awo

Ki auna komai kafin ki kunna wuta, don da zarar haɗi ya fara ba ki da hannun awo. SCI da betayin da gilisarin a kwano ɗaya, siteyarik da man kaɗe da man riɗi a kwano na biyu, yumɓu da magarya a gefe, turare da maganin hana lalacewa a ƙananan murafai.

Mataki na 3: niƙa da tankaɗe

In SCI ɗinki mai kama da taliya ne ko ƙwaya-ƙwaya, ki daka shi a ƙaramin turmi da kika ware ko injin niƙa na hannu, da kashne a hanci, don in kika sa shi haka zai iya cin awa guda bai narke ba kuma ƙarshe sabulun ya fito da fararen ɗigo. Garin magarya ki tankaɗe shi sau biyu har uku, ya zama kamar kwalli. Duk tsakin da ya tsira a gashi zai maƙale, mai kitso ce za ta fara gaya miki.

A nan bari in ce wani abu game da shebe, don kusan duk wadda na koya wa sai ta tambaye ni ko za a zuba. Matan Chadi da suka san shi a jikin gashi suke shafawa da mai su kitse su bar shi kwanaki, ba a fatar kai ba, kuma ba abin wankewa nan take ba ne. Kin zuba shi a sabulun da zai yi minti biyu a kai kin yi asarar shebenki, ga tsaki. Karkashi ma haka, kar ki sa ruwansa a cikin haɗin don saurin lalacewa gare shi, ki jiƙa shi daban ranar wankin kai ki yi ɗauraya da shi, yauƙinsa na warware gashi fiye da abubuwa da yawa na kanti.

Mataki na 4: narkar da SCI

Nan ne aikin yake, kuma nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa. Ki ɗora tukunya da ruwa kamar rabi, in ya fara ƙananan ƙwai ki rage wuta, ki ɗora kwanon SCI a kai yadda tururi da ruwan zafi ne ke dafa shi ba wuta ba. Wajen digiri 70 zuwa 80 ake so. A kan gas ya fi sauƙi, a kan gawayi kuma ki bari wutar ta kwanta ta yi farin toka tukuna. Kar ki taɓa ɗora kwanon kai tsaye a wuta wai don ya yi sauri, ƙasan zai ƙone ya yi ja yana wari saman kuma yana nan gari.

Ki riƙa dannawa da bayan cokali kina murjewa a jikin kwano, ba kaɗawa kamar miya ba, kaɗawa kumfa take tayarwa kuma kumfar nan ramuka za ta bari a sabulu. Tsakanin juyi da juyi ki rufe da faranti kar ruwan betayin ya gudu. Da farko zai yi kamar dambu, ki ce kin ɓata, ki ci gaba, sai ya dawo kamar kwaɓin fulawa mai danƙo, daga nan ya yi santsi yana sheƙi kamar tuwon shinkafa da aka tuƙa da kyau. Ba zai zama ruwa ba, kar ki jira hakan. Da gari yakan ɗauke ni minti 15 zuwa 30. Gwajina shi ne in ɗebo kaɗan in murza tsakanin yatsu biyu da safar hannu, in na ji tsaki-tsaki da saura.

In ya bushe ya ƙi haɗuwa ki ƙara ruwan zafi rabin ƙaramin cokali, ki murje, ki jira. Rabin cokali na ce. Masu tuttula ruwa a nan su ne sabulunsu ke yin sati biyu bai yi tauri ba.

Mataki na 5: mai

Ana cikin wancan ki narkar da siteyarik da man kaɗe da man riɗi a ɗaya kwanon, shi ma a kan ruwan zafi, har ya zama garau babu ko ƙwaya. Ki juye a kan SCI duka biyun suna da zafi, kwanon yana kan tukunya. In ɗaya ya huce siteyarik zai daskare nan take ya yi gudaji. Da farko man zai yi iyo a sama kamar ba za su shirya ba, ki yi ta murjewa zai shige.

Na san zuciya tana raya wa mutum ya ƙara man kaɗe don gashi ya yi laushi. Kar ki wuce abin da na rubuta, mai na kashe kumfa kuma yana sa dunƙulen ya yi lagwaf, da bazara ma ni ragewa nake yi, in cire giram 2 daga man riɗi in mayar wa siteyarik. Man da gashi ke buƙata bayan wanki ake shafa shi.

Mataki na 6: garuruwa

Ki sauke, ki barbaɗa yumɓu da magarya kaɗan-kaɗan kina haɗawa har kalar ta zama ɗaya, wani kore-kore mai duhu.

Mataki na 7: gwajin pH, turare da maganin hana lalacewa

Tun yana da taushi ki gutsuri giram 1 ki narkar a tafasasshen ruwa giram 9 da ya huce, ki tsoma takardar gwaji ki kwatanta da kalolin jikin kwalin. Tsakanin 5 da 6 ake nema. Fatarmu wajen 5 take, sabulun soda kuwa 9 zuwa 10, wannan tazarar ce ke sa gashi kaushi. Yawanci haɗin nan da kansa yake faɗawa daidai, amma wani yumɓun yana ɗaga shi. In kin ga ya haura 6 ki narkar da asid sitirik, farin tsamin nan mai kama da sukari na masu haɗa lemo, a ruwa daidai nauyinsa, ki ɗiga uku ko huɗu ki murje ki sake gwadawa. In babu shi ruwan lemon tsami da aka tace zai rage, sai dai ƙarfinsa ba ɗaya ba ne kullum, dole ki yi ta gwaji.

Abin da ba a yi ko kusa: kar ki sa soda, kar ki sa kanwa ko bikarbonat, kar ki gurza sabulun wanka ki haɗa wai don ya yi auki. Duk suna ɗaga pH, SCI kuma in pH ya yi sama lalacewa yake yi, kin kashe kuɗi a kan mai laushi kin mayar da shi mai kaushi.

In haɗin ya huce yadda za ki iya riƙe shi da safar hannu ba ƙuna, wato ƙasa da digiri 50, ki zuba turare da maganin hana lalacewa ki cuɗa da hannu kamar kwaɓin cincin, da sauri don yana daskarewa. Wasu na cewa dunƙule ba ya buƙatar maganin, ni ina sawa, akwai ruwa a cikin betayin, akwai garin ganye, kuma a banɗaki zai zauna yana jiƙewa kullum. Bitamin E ba ya wannan aikin, shi mai kawai yake hana wa ɗoyi. Fomalin da wasu ke sawa a sabulun ruwa kuwa kar ya kusanci abin da za a sa a fatar mutum.

Mataki na 8: zubi

Ki cusa a mazubi kaɗan-kaɗan kina dannawa da babban yatsa da ƙarfi, musamman gefe-gefe, duk iskar da kika bari nan zai tsage. Ki shafe saman da bayan cokali. Ki sa a firigo kamar awa ɗaya sannan ki fitar. In an ɗauke wuta ki ajiye a ɗaki mafi sanyi kusa da randa ya kwana, gobe zai fita. In ya riga ya daskare kafin ki gama cusawa ki mayar kan ruwan zafi minti kaɗan.

Mataki na 9: shanya

A inuwa, inda iska ke wucewa, a kan rariya ko tire mai ramuka, kina juya shi kullum. Ba ya buƙatar sati huɗu zuwa shida irin na sabulun soda, ruwa kawai ake so ya fita. Da hunturu kwana 3 ya ishe ni, amma ki lulluɓe da yadi mara nauyi saboda ƙura, kuma kar ki sa shi a bakin iska sosai don yana tsagewa. Da damina, wajen Agusta, sai ya kai sati, wani lokacin ki ga yana zufa, gilisarin ne ke jan danshi, a lokacin nakan rage shi zuwa giram 1 in cike da yumɓu. Rana kam a'a.

Mataki na 10: gwaji da amfani

Kafin ki wanke kai ko ki ba wani, ki shafa kumfar a cikin gwiwar hannu ki ɗauraye ki jira kwana ɗaya, akwai masu fatar da ba ta shiri da betayin ko turare. Wajen wanki ki jiƙa kai sosai, ki murza dunƙulen a tafin hannu ko ki goga a fatar kai sau uku huɗu, ki cuɗa da tsokar yatsu ba farce ba. In gashin na ɗauke da mai da yawa wankin farko ba zai yi kumfa ba, ki ɗauraye ki sake, na biyun za ki ga kumfa mai kauri kamar kirim. Yana shiga ido da ɗan zafi, a kula da yara. Bayan wanka ki ɗora shi inda ruwa ke tsiyayewa, in ya kwana cikin ruwa da safe kunu za ki tarar. Kuma wannan sabulu ne ba magani ba, mai makero ko ƙuraje masu ruwa a kai asibiti za ta je.

In na ruwa kike so

Masu saye da yawa sun fi sabawa da kwalba, to ga wanda nake yi na wanke fuska da jiki. SCI ba ya son zama a ruwa, in ya yi yawa sai ki ga ya kwanta fari a gindin kwalba, shi ya sa a nan Decyl Glucoside nake ɗauka, wanda ake yi daga sukarin masara da man kwakwa. A giram 100: tafasasshen ruwa da ya huce 69, gilisarin 5, zantan gam wato garin da ke sa kauri 1, Decyl Glucoside 12, betayin 12, maganin hana lalacewa 1. Ki fara dama zantan a cikin gilisarin har ya zama sumul kafin ruwa ya taɓa shi, in kika watsa shi a ruwa kai tsaye gudaji zai yi kamar idon kifi. Ki zuba ruwan a hankali kina juyawa, ki bar shi minti 20 ya kumbura, sannan masu kumfar su shiga, juyi a hankali.

Abu biyu ne ke kama waɗanda suka saba da Texapon. Na ɗaya gishiri, shi wannan ko kin juye masa gishirin kasuwa duka ba zai yi kauri ba, zantan ne kaurinsa. Na biyu pH, Decyl Glucoside yana zuwa da pH sama da 11, dole ne ki sauke shi da sitirik zuwa 5 ko 5.5, in ba haka ba zai fi sabulun soda busar da fata kuma Cosgard ba zai yi aiki a ciki ba. Sai pH ya daidaita ki sa maganin. Ki bar shi ya kwana a rufe kumfar ta kwanta, ki ɗura a kwalbar da kika goge da alkol, ki rubuta ranar da kika haɗa a jiki, kuma ki gaya wa duk wadda ta saya kar ta ƙara masa ruwa in ya kusa ƙarewa.